Haƙoran da Ba Sa Barci

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Ku matso kusa, don abin da zan faɗa muku yau ko ƙawata ta ƙut-da-ƙut sai da muka shekara goma tare kafin ta ji shi daga bakina. Sunana Kaltumi, 'yar Malam Barmo mai lambun dabino a kwarin gabas da Gure. Ba ni da muni, kuma kada ku ce yabon kai nake, tun ina shekara sha huɗu samari ke karya wuya in na wuce zuwa rijiya. Aibina ɗaya ne tal, kuma ni kaɗai ce ban taɓa jin sa da kunnena ba. In na yi barci, haƙorana ba sa yi.

Inna ta ce ƙurus-ƙurus suke yi, kamar jaki ya samu busasshen kara. Ni dai abin da na sani shi ne safiya. In tashi muƙamuƙina a ƙage, kaina yana sarawa ta gefen kunnuwa, cikin kumatuna duk shaidar cizo. In na kurɓi ruwan randa mai sanyi kuwa, sai in ji shi har tsakar kaina.

Ina 'yar shekara huɗu aka fara ji. Lokacin ba wanda ya damu, kowace tsohuwa ta ce tsutsar ciki ce, yara da yawa suna yi. Na sha jiƙon kanwa, na sha tafarnuwa, na sha rubutu har sai da cikina ya koyi karatu. 'Ya'yan maƙwabta da suke yi suka yi famfara suka bari. Ni na yi famfara, sababbin suka fito suka ɗora daga inda tsofaffin suka tsaya.

Baba ma yana yi, in ji Inna, ko da yake shi a bukkar lambu ya fi kwana. In ya yi dariya za ku ga haƙoransa sun cinye sun zama daidai wa daida. Amma shi namiji ne, sai a ce gajiyar jan ruwa ce. Mace baliga mai tauna cikin barci kuwa suna ɗaya gare ta a garinmu, kun san shi, mayya ce tana taunar kurwar wani. Kuma kun san an ce maita a nono ake shan ta. Inna baƙuwa ce, daga Kelle aka auro ta, ba ta da dangi a Gure ko na rantsuwa. In aka kira ni da sunan nan, ita aka fara kira, sannan ƙannena mata biyu.

Saboda haka Inna ta ware mini ɗaki can ƙuryar gida, ta ɗaure akuya a bayansa. Duk maƙwabciyar da ta ce ta ji wani abu da dare, sai Inna ta ce, "Akuyar nan ce, ba ta gajiya da tuƙa." Akuya uku muka canza a kan aikin nan, kowace ta tsufa da laifina a wuyanta. 'Yan mata tsarana suna taruwa su kwana ɗakin tsohuwa ɗaya suna hira har barci ya kwashe su, ni ban taɓa ba. Suka ce girman kai gare ni, na bar su a haka.

Shekara biyu bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru, Abarshi ya shigo rayuwata. Kanwa yake kaiwa can a kan raƙuma, ya dawo da turmin zane da turare. Dogo ne, baƙi, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi, tun bai gama magana ba dariya ke cin ƙarfinsa. Ƙawata Zaliha mai kitso ita ce hanyar saƙonmu. Kaina yana kan cinyarta, sai ta sunkuyo kamar tana gyara tsaga ta raɗa mini.

"Ya ce ya ga wani zane a kanti, ya tsaya yana kallonsa har mai kanti ya zaci ɓarawo ne."

"Ki ce masa zane ba ya burge ni."

"Ya ce ya san haka za ki ce, ya riga ya sayo."

Wayyo ni, 'yan uwana, na kamu. Kamuwar da ta sa wata rana bayan magariba, muna zaune a ƙofar gida, shi a bakin tabarma ni a ɗaya bakin, na faɗa masa abin da Inna ta rantsar da ni kada in faɗa wa kowa. Na faɗa kaina a ƙasa, ina jiran in ji ya ɗauki takalmansa. Sai na ji dariya.

"Shi ke nan abin? Yo Kaltumi, ni da nake kwana tsakiyar raƙuma arba'in? Kowane sai ya kwana yana gurza haƙora. In na dawo gida na ji shiru, barci ma ƙi mini yake."

"Ashe raƙuma ce ni."

"Taguwa dai, mai tsada."

Na jefe shi da ƙwallon dabino, amma a daren nan kuka na yi na daɗi. Kafin ya tafi ya ce, "Sai dai kada Gwaggo ta ji. Tsohuwa ce, kin san su."

Gwaggo Yabawa ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi tun iyayensa suka rasu. Tana da wata al'ada tata ta kanta. Duk yarinyar da za ta shigo gidansu, sai ta kwana uku a ɗakinta kafin a sa rana, wai taya ta tsince dabino. Kowa ya san dabino ba ya buƙatar kwana. So take ta ga yadda kike cin tuwo, yaushe kike tashi, ko kina minshari, ko kina kiran sunan wani cikin barci. Ranar da aka aiko cewa in shirya, Inna ta zauna a kan turmi ta kasa ko amsa sallamar 'yar aike.

Baba ya ce, "A gaya wa matar nan gaskiya. In tahi in buɗe mata bakina ta gani, gado ne daga wajena."

Inna ta ce, "Kai wa zai kira da wani suna? Ni ce baƙuwa, Malam. Ni za a nuna da baki a rijiya."

"To a ce ba ta da lahiya."

"Sai ta jira ta warke. Kwana uku ne fa. Mai naƙuda ma tana kwana uku ido biyu, ba ta mutu ba." Ta juyo gare ni. "Ba za ki yi barci ba, Kaltumi. Kin ji ni? Ko gyangyaɗi."

Ba wanda ya tambaye ni ko zan iya. Inna ta ƙulle mini goro a gefen zane. Sannan ta samo guntun jar fata, irin wadda dukawa ke rufe laya da ita, ta ninka ta biyu ta ɗinke, faɗinta bai wuce yatsu biyu ba. Ta ce in na ji barci zai fi ƙarfina, in sa tsakanin haƙorana, za ta kashe ƙarar. Ta shafa mini furen taba a haƙora har suka yi jawur don kada a ga inda suka cinye. Na ɗaura baƙin zanena mai shuni wanda ke rina fata, da jigida uku, da munduwar azurfar Inna da ba ta fitowa sai salla. Zaliha ta yi mini kitso ƙanana, ta ja mini kwalli har gefen ido. Na fito kamar amarya, zuciyata kuwa kamar ta wadda za a kai gaban alƙali.

Gwaggo Yabawa mutuniyar Manga ce, gajeruwa, Hausarta haɗe da Barbarci. Ɗakinta fes, ƙorai a jere har kusa da rufi, ƙamshin turaren wuta ya kama ko'ina.

"Wushe, wushe, ɗiyata. Shigo, nan gidanku ne."

Bakinta na marhabin, idonta na auna ni daga kitso zuwa dunduniya. Na durƙusa na gaishe ta, ban kuskura na yi murmushi mai faɗi ba.

A nan na haɗu da Biba. 'Yar shekara shida ce, 'yar yayan Abarshi, ubanta kuwa aikin hanyar Nasara ya tafi da shi bai dawo ba. Uwarta ta sake aure a Gamu, aka bar wa Gwaggo ita. Siririya, mai giɓi a gaba, da surutu kamar an kunce ta. Tun kafin in ajiye ƙunshin kayana ta kama munduwata.

"Ke ce matar Baba Abarshi?"

"Tukuna dai."

"To ni a tabarmarki zan kwana."

Haka kuwa aka yi. Gwaggo a kan gadonta na kara, ni da Biba a ƙasa. Na jefa goro a baki, na zura wa rufin ɗaki ido. Dare ya raba, sai na ji wani abu a gefen kunnena, ƙurus, ƙurus, a hankali, kamar ɓera a cikin buhu. Na juya, ashe daga bakin Biba yake fitowa. Fuskarta lumui, tana barcinta, ƙananan haƙoranta suna ta aiki. Shekara sha uku ana ba ni labarin ƙarar nan, ban taɓa jin irinta ba sai ran nan. Ashe haka nake? Wallahi ni ma da na ji ta cikin duhu ban san daga ina take ba, da na yi a'uziyya. Na sa hannu na shafa mata muƙamuƙi har ta saki, hawaye na zubo mini cikin kunne.

Da safe Gwaggo ta ce, "Ba ta hana ki barci ba? Tsutsa ce, in ta gama famfara za ta bari."

Na ce, "Ban ma ji ba, Gwaggo."

Daren farko da sauƙi. Na biyu kuwa kada Allah ya maimaita mini. Goro ya daina aiki, sai dai ya sa zuciyata bugawa. Na mintsini cinyata har ta yi tabo, na karanta duk surar da na sani gaba da baya. Duk lokacin da na ji idona zai rufe, in tura fatar nan a baki in cije, in kuma zabura. Kafin asuba ta yi laushi, ɗinkin ya fara kwancewa. Da gari ya waye na zuba gishiri a kunu, na kira Gwaggo da Inna har sau biyu. Ta yi dariya ta ce yarinya tana kewar gida.

Rana ta uku Biba ta tashi da zazzaɓi. Ba ta ci komai ba, surutun ma ya ɗauke. Gwaggo ta ba ta jiƙo ta ce zafin rana ne. Bayan azahar matan unguwa su biyar suka shigo, muka zauna a rumfa muna ware dabino, mai kyau nan, mai tsutsa can. Biba ta rarrafo ta ɗora kanta a cinyata, jikinta rau da zafi. Iska ta tsaya cik. Muryoyin matan suka fara yi mini nisa, dabinon da ke hannuna ya zama biyu. Saura dare ɗaya, na ce a raina, Kaltumi saura dare ɗaya. Da na ji ba makawa, na ja mayafi na rufe fuska, na zaro fatar daga ƙugu na tura a baki. Na ce ko kiftawa ɗaya ce in yi.

Shiru ne ya tashe ni.

Na yaye mayafin. Matan nan biyar duk suna jikin katanga, ɗaya ta toshe bakinta da hannu biyu. Gwaggo tana tsaye a kaina, idonta kamar zai faɗo. Sai na duba cinyata. Biba ta sandare, idanunta sun kafe sama, haƙoranta a datse, hannuwanta na karkarwa. Na buɗe baki zan yi ihu, abin da ke bakina ya faɗo a kan ƙirjinta. Ja, taunanne, jiƙe da yawun goro da rinin fata da jinin kumatuna.

Wata ta ce, "Nama!"

Gwaggo ta fizge yarinyar daga jikina.

"Fata ce! Gwaggo, wallahi fata ce, Inna ta ɗinka mini!"

"Don mi uwarki za ta ɗinka miki fata ki ɓoye a baki?"

Ku gaya mini, 'yan uwana, me zan ce? Ƙaryar da zan yi ta ƙare, kaina kuma ba ya ja. Na faɗi gaskiya.

"Haƙorana ne. Ina taunawa in na yi barci. Ban san ina yi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ina ƙarama."

"Kullum?"

"Kullum."

Sai na ga suna kallon juna. Ɗaya ta ce ai shi ya sa ba ta kwana cikin 'yan mata. Wata ta ce ita dama akuyar gidan nan ba ta taɓa kwanta mata a rai ba, wace akuya ce ke tuƙa kamar ana niƙa? Ta uku ta fara lissafa yaran unguwarmu da suka rasu, tun daga na shekarar da fara ta cinye gonaki, tana naɗe yatsu. Yaran da na goya, na yi wa wasa. Na ce musu Biba ma tana yi, ku tambayi Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Kada ki ƙara sa sunan ɗiyata a bakinki."

Suka tura ni ɗakin ajiyar dabino suka jawo ƙyaure. Ina jin gidan yana cika, ana salati, ana kiran malam, wani yana cewa lokotoro, likitan Nasara, yana Damagaram, kwana biyar a raƙumi. Ƙudaje suna ta bin buhuna. Na zauna a ƙasa, abin kunya ma barci nake ji.

Can sai na ji raɗa ta tsagar ƙyaure. Zaliha ce.

"Kaltumi, na samu Abarshi a kasuwar raƙuma, yana tahe. Ya ce kada ki ji tsoro. Ya ce ko Gure duka ta taru, shi yana bayanki."

"Biba fa?"

"Ta bar karkarwa, amma ba ta motsi. Tana numfashi dai." "Sun ce sai kin tsallake ta sau uku, ki sakar mata kurwa."

Ba a jima ba aka turo Inna, ko mayafi babu a kanta. Ban taɓa ganin gashin Inna a waje ba sai ran nan, ashe ya yi furfura haka. Ta durƙusa ta kama fuskata.

"Ni na ja miki. Ni da fatata."

"Inna, in tsallaka?"

"In kin tsallaka ta tashi, sun ce ga shi nan, ke kika riƙe ta ke kika sake ta. In ta cika, sun ce kin riga kin haɗiye."

"To in ƙi."

"In kin ƙi, sun ce kin san abin da ke cikinki."

"To mi zan yi, Inna?"

Matar da ta shekara goma sha uku tana da amsar kowace tambaya a kaina, ta saki fuskata. Ta kama bakin zanenta tana ƙullawa tana kwancewa. Daga waje ina jin muryar Baba, mutumin da ko akuya ba ya ɗaga wa murya, yana ta roƙo. "Jama'a ku dubi bakina, ni ma ina yi! Daga wajena ta gada, ku zo ku duba!" Wani dattijo ya ce masa, "Malam Barmo, rufe bakinka, ba a kanka ake magana ba."

Sannan na ji Abarshi. Tun daga zaure yake faɗa.

"Wa ya rufe ta? Ku buɗe! Na sani, ta gaya mini da bakinta tun kafin damina! Ciwo ne kamar minshari, ku ba ku da mai minshari a gidajenku?"

Na kama hannun Inna na ce kin ji ko, kin ji shi?

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. "Ashe ka sani. Ka sani ka bar ta ta kwana tabarma ɗaya da ɗiyar ɗan uwanka. Zo, Abarshi. Zo ka gan ta, sannan ka yi mini faɗa."

Na ƙirga numfashina, na ɓata lissafi, na sake. Da ƙyauren ya buɗe, shi ne tsaye, rawaninsa ya kwance yana jan ƙasa. Ya durƙusa a bakin ƙofa, bai shigo ba. Idonsa jawur.

"Kaltumi."

"Na'am."

"Ban yarda ba. Allah ya sani ban yarda da abin da suke faɗi ba."

"Na sani."

"To tunda ba gaskiya ba ne, mi zai rage ki? Tsallakawa ce kawai. Ki yi musu, hankalinsu ya kwanta."

"In ta tashi fa, Abarshi?"

Na matso bakin ƙofar.

"In na tsallaka ta buɗe ido, mi za ka ce musu? Mi za ka ce wa kanka?"

"Ita kaɗai ta rage mini daga Yaya," ya ce. "Na ɗaga hannunta ya faɗi kamar tsumma. Don Allah, Kaltumi. Ko da... don Allah dai."

Ko da. Bai ƙarasa ba, amma na ji sauran. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Kuma ban iya jin haushinsa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don ni ma yarinyar nan ta shiga raina cikin kwana biyu. Har wani tunani ya zo mini wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Ni da ban san abin da bakina ke yi ba in na yi barci, da me zan rantse?

Inna ta riƙe zanena. Na cire hannunta a hankali na miƙe.

An shimfiɗa Biba a tsakar gida, an rufa mata zanen Gwaggo zuwa ƙirji. La'asar ta yi, inuwa ta yi tsawo. Ina fitowa mata suka fara janye 'ya'yansu baya, don kada in taka inuwar wani in kama masa kurwa. Hanya ta buɗe mini har gaban tabarma. Mutum ɗaya ne bai gusa ba, Abarshi, yana tsaye kusa da kan yarinyar.

Na ɗaga ƙafa. Na so in yi addu'a, sai na rasa wadda zan yi. In ce Allah ka tashe ta, na roƙa wa uwata da ƙannena baƙin suna har kabari. In yi shiru, me na roƙa ke nan? Na dubi ɗan giɓin bakinta. Bakina da kansa ya ce, "Ya Allah ka tashe ta."

Na tsallaka sau ɗaya. Ba motsi.

Na juyo na tsallaka na biyu. Ina jin kukan Inna a bayana, ƙasa-ƙasa.

Na uku, ƙafata na sauka, na tsaya ban waiwaya ba. Kaza ta wuce ta gabana tana tsattsaga. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Zufa dai na gani ta fara tsattsafo wa yarinyar a goshi da na saci kallo, sai ta yi atishawa. Ta buɗe ido, ta bi fuskokin da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kaina. Ta miƙo mini hannu.

"Yaya Kaltumi, ruwa."

Gidan ya ɗauki salati. Gwaggo ta faɗa kanta ta rufe mata ido da tafin hannu don kada ta ƙara kallona. Na ji wani abu ya faɗi a bayana, aka ce Inna ce. Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi ne ya fara zo mini, har na manta da kaina. Na juya wajen Abarshi da murnata, na taka ɗaya zuwa gare shi.

Yana kuka yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Sai idonsa ya sauka ƙasa, inda inuwarsa ta miƙe har gaban yatsun ƙafata. A hankali, yadda yake zaton ba zan lura ba, ya ja da baya.